Tsofaffin waƙoƙin mutum ɗaya da jitarsa: me ya sa ba sa gundura ne?

Auwal_Kakuri:

Salamu alaikum 'yan gida. Dan Allah tambaya gare ni, kar a min dariya, na san ba irin maganar da aka saba kawowa nan ba ce.

Watan jiya muke gyaran ɗakin Baba, Allah ya jiƙansa, shekara biyu kenan da rasuwarsa amma Mama ta hana a taɓa kayan sai yanzu. A ƙarƙashin gado muka jawo wani kwalin madara cike da kaset duk ƙura, wasu ma gara ta cinye takardar jikinsu. Akwai na tafsiri, akwai Shata, akwai Ɗan Maraya, sai kuma wasu na Turawa da ya rubuta sunayen da jan biro da hannunsa: Don Williams, Cat Stevens, Bob Dylan, Tracy Chapman. Baba fa ma'aikacin masaƙa ne, ba wani boko mai zurfi ya yi ba, ni ban ma san yana jin irin waɗannan ba, ko da yake yanzu da na tuna akwai wata murya mai kauri da take tashi a ɗakinsa ran Lahadi in yana goge takalmi.

Tsohuwar rediyonsa tana aiki, sai na naɗe zaren da biro kaman yadda muke yi muna yara na jefa na Cat Stevens. Akwai wata waƙa a ciki, Father and Son, uba yana lallashin ɗansa da murya ƙasa-ƙasa ya zauna ya bi a hankali, ɗan kuma yana amsawa da murya sama cewa shi fa tafiya zai yi, kuma mutum ɗaya ne yake yin muryoyin biyu. Wlh ban ankara ba sai ji na yi hawaye na zuba, ƙanwata ta shigo na ce mata ƙura ce.

To ni ga abin da ya ɗaure min kai. Shekarata 27, wayata cike take da waƙoƙin zamani kuma ina sonsu, amma waƙar da muka yi ta cashewa da ita a bukukuwan bara yanzu in na ji ta sai na danna gaba. Waɗannan kuwa ba komai a ciki sai jita da muryar mutum, wani ma muryar ba daɗi (Bob Dylan nake nufi, kaman mai mura), sun haura shekara 50 wasunsu, amma sati uku kenan kullum da dare sai na saka. Shin dan na Baba ne kawai, ko da gaske akwai wani sirri a irin wannan waƙar? Manya a taimaka.

Malam_Ritaya:

Wa'alaikumus salam ɗana. Allah ya gafarta wa mahaifinka, da alama sa'ana ne, don mu ma da irin kwalin nan muka tsufa. A zamaninmu in aka buɗe filin zaɓen waƙoƙin Turanci a rediyo to da wuya a rufe ba a sa Don Williams ba, shi ne mai murya mai kaurin da kake ji ran Lahadi, ba ko tantama.

Bari in ɗan ba ka asalin abin. Su Turawa suna da waƙoƙin gargajiyarsu na ƙauye, na manoma da masu haƙar ma'adinai da matuƙa jirgin ruwa, waɗanda ba a san wanda ya ƙirƙire su ba, kaka ce take rera wa jika kaman dai namu na daɓe da niƙa. Sai aka samu wasu da suka ɗauki wannan salon suka riƙa zuba labarin zamaninsu a ciki. Babba a cikinsu Woody Guthrie, mutumin Oklahoma, wanda a shekarun 1930 da fari da guguwar ƙura suka kori manoma daga gonakinsu ya bi su hanya da jitarsa yana waƙar halin da suke ciki. Shi wannan Dylan da kake cewa mai mura, yaro ne ɗan shekara 19 daga Minnesota ya tattara ya tafi Niyok a farkon 1961, kuma cikin abin da ya kai shi har da son ya ga Guthrie, wanda lokacin yana kwance a asibiti da wani ciwo da ya gada daga mahaifiyarsa. Ya je ya zauna gefen gadonsa yana rera masa waƙoƙinsa. Ka ga almajiranci kenan. Shekara biyu bayan nan, ranar 28 ga Agusta 1963, shi da Joan Baez suka yi waƙa a gaban taron nan na Washinton inda Martin Luther King ya yi shahararren jawabinsa.

Abin da nake so ka lura shi ne, da yawa daga karin waƙoƙin nan ba sababbi ba ne ko a lokacin. Blowin' in the Wind, karinta daga wata tsohuwar waƙar bayi baƙaƙen fata ya samo shi, shi da kansa bai ɓoye ba. Scarborough Fair da su Simon da Garfunkel suka yi suna da ita tsohuwar waƙar Ingila ce ta ɗaruruwan shekaru, Paul Simon a Landan ya koyo ta wurin Martin Carthy. To karin da ya bi bakin mutane shekara ɗari biyu ba tare da faifai ko rediyo ba, in da mai gundura ne ai da tuni ya mutu a hanya. Kai yanzu ka zo ka tarar da shi an riga an sheƙe ƙaiƙayin.

Maganar murya kuwa, an ba shi kyautar Nobel ta adabi a 2016, ba ta murya ba. Bai ma je bikin ba.

SadiqBeats:

Da girmamawa Baba, amma ni ban yarda akwai wani sirri ba. Ni aikina kenan, ina da ɗan sutudiyo a Kano, kuma na gaji da jin "waƙar da ta fi ta yanzu". A 1965 ma akwai dubban masu jita da suka yi shirme, ina suke? Sun ɓace. Guda ashirin ɗin da suka tsira ne kuke ɗauka kuna gwadawa da DUK abin da ya fito bara har da tarkacen, ai ba adalci. Rariya ce kawai ta lokaci, nan da shekara 50 za a tace namu a samu ashirin masu kyau su ma.

Sannan wannan zancen na "jita da murya kawai" shi ma a rage. The Sound of Silence ta su Simon da Garfunkel da farko haka aka fitar da ita a 1964, jita da murya biyu, ba wanda ya saya, har Paul Simon ya haƙura ya tafi Ingila. Furodusa Tom Wilson ne ya ɗauko ta a 1965 ya ɗora mata ganga da jitar lantarki ba tare da ya ko gaya musu ba, sai ga ta ta ɗaya a Amurka a farkon 1966. Wato ɗan uwana furodusa ne ya ceci waƙar, amma kullum mu ake zagi wai mun ɓata kiɗa. Shi kansa Dylan ɗin a 1965 ya gaji ya jona jitarsa da wuta a bikin waƙoƙin gargajiya na Newport, masu ra'ayin gargajiya suka yi masa ihu.

Kuma kar a manta da kuɗi. A ƙarshen 2020 Dylan ya sayar wa Universal haƙƙin waƙoƙinsa, rahotanni suka ce sama da dala miliyan 300. Kamfanin da ya zuba wannan kuɗin zai bari waƙar ta mutu? Sai ka ji ta a fim, ka ji ta a talla. Nick Drake, wani mai jita ɗan Ingila, ya mutu a 1974 yana shekara 26 kusan ba wanda ya san shi, tallar motar Volkswagen ce a 1999 ta sa jama'a suka ruga neman faifansa.

Abu ɗaya zan yarda da shi, shi ma dan na ga ya faru a hannuna ne. Kiɗan kwamfuta yana da shekarar haihuwa a goshinsa. In ka sa min waƙar fim ɗin Hausa ta wajen 2005 daga jin fiyanon zan gaya maka lokacin, haka injin gyara murya na kowane zamani yana da irin ƙararsa. Jitar katako kuwa yadda take ƙara a 1970 haka take yau, ba ta da yayi balle yayinta ya wuce. Auwal, inaga rabin abin wannan ne, rabin kuma kewar Baba ce, Allah ya jiƙansa.

Maman_Ilham:

Sadiq ka yi magana amma ka tsaya a kiɗa ka bar kalmomin, alhali nan gizo yake saƙa.

Ni Tracy Chapman zan yi magana a kai don ita na sani. Na fara jin Fast Car a hostel muna jami'a, wata 'yar ɗakinmu 'yar Binuwai ce take sakawa tana wanki, lokacin ni a tunanina waƙar soyayya ce, saurayi mai mota da yawon dare, shikenan. Sai bayan na yi aure na haihu biyu, wata rana ina tuƙi a go-slow ta zo a rediyo na saurara da kyau, ashe labarin yarinya ce da ubanta mashayi, uwar ta gudu, ita ta bar makaranta tana jinyarsa, ta samu aikin karɓar kuɗi a kanti tana tara 'yan canji tana mafarkin ita da saurayin za su gudu birni su zama wani abu, ƙarshe shi ma saurayin ya zama irin uban, yana mashaya ya fi ganin abokai a kan 'ya'yansa. Wlh sai da na gangara gefen titi. Na san mata uku a unguwarmu da labarinsu kenan, cire giyar ka sa majalisa ko ƙwaya. Waƙar ba ta canza ba tun 1988, ni ce na girma na iso inda take.

Kuma tunda ka kawo zancen na'ura, ka san yadda duniya ta san ta? Bikin cikar Mandela shekara 70 a filin Wembley, Yuni 1988, shi yana kurkuku lokacin. Stevie Wonder zai hau sai aka nemi wani faifan na'urarsa da kiɗan yake ciki aka rasa, ya fasa hawa a lokacin, aka rasa wanda za a tura ya cike gurbin da sauri sai ita, saboda ita ba ta buƙatar komai sai jita da makirfo ɗaya. Ta riga ta yi nata tun da rana, aka sake turo ta, yarinya 'yar shekara 24 ita kaɗai a gaban cikakken filin ƙwallo, da farko ma muryarta na rawa. Ku nemi bidiyon yana YouTube, ku ga yadda hayaniya take lafawa.

Sai kuma 2023 wani mawaƙin kantiri (salon kiɗan karkarar Amurka) Bature, Luke Combs, ya sake rera ta ta koma sama, har aka ba ta kyautar waƙar shekara ta masu kantiri, baƙar mace ta farko da ta samu. Bai ma canza wurin da mai labarin take nuna ita mace ce mai aikin kanti ba, haka ya rera da gemunsa. Auwal ga naka: shi ma ya ce a kaset ya fara jin ta yana yaro, a motar babansa.

SadiqBeats:

Hajiya ai kin taya ni ne, da Luke Combs bai sake yi ba 'yan shekara 20 nawa suka san ta?

Maman_Ilham:

To me ya sa ita ya ɗauko bai ɗauko sauran dubun da suka fito a 1988 ba? Kuma bai ƙara mata komai ba fa, kusan yadda take ya bar ta. Kai dai ka je ka sa wa yaranka na sutudiyo sharaɗi, kowa ya zauna ya rera waƙarsa ba kiɗa ba gyaran murya, ka ga nawa za su kai ƙarshe.

Dan_Bukur:

Ni dariya ma kuke ban, kun tafi Amurka da Ingila alhali amsar tana cikin kwalin nan, Auwal ya faɗe ta da bakinsa ya wuce: Ɗan Maraya.

Ku duba fa. Manyan makaɗanmu irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo da tawaga suke tafiya, ga 'yan amshi ga makaɗa, kuma sarakuna suke wa. Shata ga kalangai ga amshi. Shi kuwa Adamu Ɗan Maraya shi kaɗai, sai kuntigi, ɗan abu kaman gwangwanin kifi an rufe da fata, tsirkiya ɗaya tak, za ka iya sa shi a aljihun babbar riga. Kuma wa ya yi wa waƙa? Karen mota. Yaron da yake kwana a ƙarƙashin tirela, wanda ba mai ba shi ko kujera a biki. Ya yi ta aure, ya yi ta gulma, ya yi ta mai akwai da babu. Ba wannan ne dai abin da Malam ya ce Guthrie ya yi da korarrun manoma ba? Ba cewa nake wani ya kwaikwayi wani ba, ba su san juna ba, hanya ce ɗaya kowa ya biyo ta daga garinsu.

Na taɓa ganinsa ido da ido a wani biki a Jos ina saurayi. Kafin shi wasu masu manyan sifiku sun yi ta dukan kunnenmu mutane na ta hira abinsu ana rabon shinkafa. Da ya zauna ya ɗan karkata kai ya fara kaɗa abin nan, ƙarar ma siririya ce kaman sauro, sai wurin ya yi tsit, saboda in ka yi magana labarin zai wuce ka. Yana canza murya, ya yi maganar wannan ya dawo ya yi amsar wancan, mata na ta guɗa suna nuna juna. Irin abin da ka ji Cat Stevens ya yi da uba da ɗa kenan. Ya rasu Yuni 2015 amma har gobe ka shiga tasha za ka ji direba ya sa shi.

Babanku ba sai ya yi boko mai zurfi ba Auwal. Kunnen da ya saba da kuntigi in ya ji mutum ɗaya da jita yana ba da labari ya san gida ne, ko da rabin Turancin ya wuce shi. Ni ma Don Williams ɗin ba duka nake ji ba. Af, shi asalinsa ma a wata ƙungiyar waƙar gargajiya ya fara a Texas kafin ya koma kantiri, kuma ya san yana da jama'a a Afirka, har Harare ya je ya yi wasa a 1997.

Abu_Hanifa_Zinder:

Salam. Ni ba ma'abocin kiɗa ba ne yanzu, na bari, kuma ba wa'azi na zo yi ba kowa ya san malaminsa. Sunan Cat Stevens na gani na kasa wucewa, don na ga kaman Auwal bai san waye ba. Shi ne fa Yusuf Islam, mai A is for Allah da ake sa wa yara a islamiyyu. Haifaffen Landan ne, 1948, uban Bagirke daga Kubrus uwar 'yar Suwidin. Tarin fuka ya kwantar da shi yana matashi, a jinyar nan ya rubuta waƙoƙi da yawa, wadda ta sa ka kuka a 1970 ta fito. Daga baya ya kusa nutsewa a teku a Malibu ta Amurka, sannan yayansa ya kawo masa fassarar Alƙur'ani, ya musulunta a ƙarshen 1977, ya yi gwanjon jitocinsa ya bar harkar kusan shekara 30, sai 2006 ya dawo da sabon faifai. Malamai sun yi ta magana a kan dawowar, wannan daban.

Abin da zai ba ka sha'awa: a 2020 ya sake ɗaukar wannan waƙar ta uba da ɗa. Ɓangaren uban ya rera da muryarsa ta yanzu, dattijo ya haura 70, ɓangaren ɗan kuma aka ɗauko muryarsa ta 1970 yana ɗan shekara 22 aka haɗa. Wato yaron da ya rubuta maganar uba bai haihu ba, ya rayu har ya zama uban yana amsa wa kansa. Ka nema ka ji amma ka tanadi hankici.

Malam_Ritaya:

Sadiq ɗana, maganarka ta rariya gaskiya ce, ban musa ba. Amma rariya ba ta zaɓe da ka, akwai abin da ya sa tsaki yake tsayawa gari ya wuce. Kuma zancen kamfani da talla bai bayyana Rodriguez ba. Mutumin Detroit ne, ya fitar da faifai a 1970 da 1971 ba su sayu ba a Amurka, ya koma aikin leburanci a gine-gine. Ashe a Afirka ta Kudu ana ta kwafar faifan hannu da hannu lokacin wariyar launin fata, har gwamnati ta hana sa wasu waƙoƙin a rediyo, su can sun ɗauka ma ya mutu. Ba talla, ba fim, shi kansa bai sani ba, sai da wasu masoyansa suka bi diddigi suka gano yana raye ya je ya yi musu wasa a 1998. Fim ɗin da aka yi a kansa daga baya ya zo, 2012.

SadiqBeats:

Toh Baba na sallama rabi. Hajiya kuma na gwada abin da kika ce jiya da yara biyu, ɗaya ya kai baiti na biyu ya tsaya yana dariya wai ba ya jin kansa, ɗayan kam ya ba ni mamaki, ashe yana da murya muke ta binne ta. Amma fa in na fitar da ita haka ba kiɗa ba DJ ɗin da zai sa min a biki, ku ne za ku saya?

Auwal_Kakuri:

Kai jama'a na gode wlh, ban zaci zan samu haka ba. Abu Hanifa na nemo ta 2020 ɗin na ji, ba zan ce komai ba. Na sa wa Mama ta Don Williams ta ce ai da wannan kaset ɗin Baba ya zo zance gidansu a aljihu wai zai burge ta, ita kuma ko kalma ɗaya ba ta ji ba, ta dai ce masa mutumin yana da natsuwa.

Matsala ɗaya, daren jiya rediyon ta cinye zaren na Ɗan Maraya, na zaro shi a hankali amma ya tsinke wuri ɗaya ya kuma yamutse kaman taliya. Na san duk suna intanet, wannan ɗin dai nake so saboda akwai inda Baba ya danna rikodin bisa kuskure aka ji tarinsa da muryar Mama tana kiran sunan yayana. Akwai wanda ya san mai gyaran kaset a Kaduna da zai liƙa min kuma ya juye min a memori?

Dan_Bukur:

Kar ka sake saka ko ɗaya a rediyon nan sai an canza robar da take jan zaren an goge kan da yake karanta zaren da auduga da spirit, ita ce take ci. Tsinkewar kuma kar ka sa gam, ɗan siririn salatif ake sawa ta bayan zaren, ɓangaren da ba ya taɓa kan, ka yanke bakin biyu a karkace da reza su haɗu daidai. Yamutsattsen wurin ka naɗe shi a hankali da biro ka bar shi kwana biyu zai ɗan miƙe. In kana tsoro ka shiga layin masu gyaran rediyo a babbar kasuwa ka nemi mafi tsufa a cikinsu, kar ka ba yaro, kuma ka tsaya a kansa har ya gama.